SARDAUNA AHMADU BELLO DA TAIMAKON ƘASASHEN WAJE: DARASIN DA YA FARO DAGA GUSAU

Masu ba da tarihin Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, sukan fara da Rabah inda aka haife shi, su ƙare da Kaduna inda aka kashe shi. Amma akwai waɗansu shekaru shida a tsakani waɗanda ba a cika tsayawa a kansu ba, watau daga 1938 zuwa 1944, sa'ad da ya zauna a Gusau yana duba gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. A can ne ya fara ganin yadda amfanin gonar talaka yake fita zuwa ƙasashen waje, da ɗan abin da yake komowa hannun talakan. Wanda ya dubi yadda ya yi hulɗa da masu ba da rance da gudummawa bayan ya zama Firimiya zai ga alamar wannan zama na Gusau a cikin ayyukansa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Ahmadu a garin Rabah, kusa da Sakkwato, a cikin shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Bayan karatun allo aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, inda ya gamu da samarin da daga baya suka riƙe Arewa tare da shi, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya zama malami a makarantar Midil. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, ya hau gadon mahaifinsa. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi sarauta, amma Allah ya ba ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya ba shi sarautar Sardauna, ya sa shi cikin majalisa, sa'an nan aka tura shi Gusau ya zama wakilin En'e mai duba gundumomi 14 daga cikin 47 na ƙasar Sakkwato.

ZAMAN GUSAU

Gusau ta wancan zamani ita ce ƙofar kasuwancin lardin Sakkwato. Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa garin a zamanin jihadi, amma abin da ya bunƙasa shi shi ne hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta biyo Funtuwa da Tsafe, ta ratsa Gusau, ta tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Da yake jirgi bai kai birnin Sakkwato ba, kuma tsakaninsa da Gusau akwai kimanin mil 130, sai ya zama auduga da gyaɗa da fatun lardin suna gangarowa nan. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, mutanen Kudu suka zo aikin jirgi da akawu, ƙungiyar Ingila mai kula da noman auduga kuma ta kafa injin gurza.

Manomin Bunguɗu ko na Tsafe yakan ɗauro audugarsa a kan jaki ya kai kasuwa, a aza a sikeli, a biya shi kuɗin da ba shi da ta cewa a kansu, ya cire haraji a ciki. Audugar nan a gurje ta, a ɗaure diloli, jirgi ya kwashe zuwa Ikko, daga can a haye da ita zuwa masaƙun Ingila. Bayan watanni ta komo ta zama akoko da alawayyo, shi manomin kuma ya sake kwance lalitarsa ya saya. Wannan shi ne abin da Sardauna yake gani kowace kaka.

Shekara guda da zuwansa aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, aiki ya ƙaru. Gwamnatin Ingila tana bukatar soja da hatsi da kuza. Aka ɗora wa En'e-En'e nauyin tara hatsi da ɗiban leburori zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna, kuma mutane da yawa sun halaka a can saboda sanyi da ciwo da ƙarancin abinci. Sardauna yana cikin waɗanda wannan aiki ya bi ta hannunsu, har da lura da iyakar ƙasar Faransa ta arewa. A daidai wannan lokaci ne majalisar Ingila ta zartar da dokar ba da taimakon raya ƙasashen da take mulki, a 1940, ta sake faɗaɗa ta a 1945. Watau ma'aikacin En'e na Gusau ya ga taimakon da talakan Zamfara ya yi wa Ingila tun kafin ya ga wanda Ingila ta yi masa.

SHARI'AR JANGALI

Zaman Gusau bai ƙare da daɗi ba. A 1943 aka kai ƙararsa cewa ya ci kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka soke hukuncin, aka wanke shi. Matasan Arewa masu ilimin zamani sun ɗauki shari'ar a kan cewa makirci ne irin na fada, saboda haka maimakon ta kashe sunansa sai ta ɗaukaka shi. A 1944 ya koma Sakkwato, a hankali aka shirya tsakaninsa da Sarkin Musulmi, aka damƙa masa manyan sassan mulkin En'e.

A 1948 ya tafi Ingila koyon sha'anin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, a 1953 Ministan Ƙananan Hukumomi, a 1954 kuwa ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa na farko. Ran 15 ga Maris, 1959, Arewa ta sami mulkin kanta.

KUƊIN RAYA ƘASA

Jihar da ya karɓa ta fi rabin Nijeriya faɗi da yawan jama'a, amma tana baya ƙwarai wajen makarantu da asibitoci da hanyoyi da masana'antu. Hanyoyin samun kuɗin gyara wannan guda uku ne: haraji, da rarar kuɗin amfanin gona, da abin da za a samo daga waje.

Na biyun shi ne ginshiƙi. Tun 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, waɗanda suke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya su ajiye rarar. A 1954 aka mai da su hannun jihohi. Daga wannan rara ne aka riƙa zuba jari a Hukumar Raya Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1956, aka fi saninta daga baya da NNDC. Saboda haka yawancin abin da aka gina a zamanin Sardauna, gumin manoman Gusau da Funtuwa da Kano da ire-irensu ne. Wannan kuwa yana da illarsa, gama manomin karkara ne ya biya, birane suka fi cin moriya.

Taimakon waje ya zo ne ya cike giɓi. Bankin Duniya ya aiko da tawagar masana a 1953 ta binciki tattalin arzikin Nijeriya, a 1958 kuma ya ba da rancensa na farko, dala miliyan 28, don gyaran hanyar jirgi da miƙa ta zuwa Barno, wadda ta isa Maiduguri a 1964. A 1961 gwamnatin Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225. Shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968 an tsara shi ne bisa zaton rabin kuɗinsa daga waje za su zo, amma abin da ya iso bai yi kusa da haka ba. A 1964 Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 82 don madatsar ruwa ta Kainji. Waɗannan duka ta hannun Gwamnatin Tarayya suka biyo, domin tsarin mulki ya ba ta ikon hulɗa da ƙasashen waje, aikin Firimiya kuwa shi ne ya tsaya ya ga Arewa ta sami rabonta.

AUDUGA TA ZAMA TUFA A GIDA

Inda hannun Sardauna ya fi fitowa fili shi ne sha'anin masaƙu. Dabararsa ita ce haɗin gwiwa: baƙo ya kawo injuna da gwaninta da wani kaso na jari, hukumomin Arewa su sa nasu kason, auduga ta gida, ma'aikata 'yan gida. Da haka aka buɗe Masaƙar Kaduna a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. A 1959 aka kafa kamfanin zuba jari na NNIL tare da hukumar Ingila mai raya ƙasashen renonta.

Bai tsaya ga Ingila kaɗai ba. Cikin 'yan shekaru masu jari daga Hong Kong suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna, kamfanonin Japan suka haɗu suka kafa Masaƙar Arewa, aka kuma fara aikin kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato tare da Jamusawa. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe Masaƙar Zamfara a Gusau, garin da ya zauna yana kallon diloli suna fita. Audugar Tsafe da Bunguɗu ta sami inda za a kaɗa ta a saƙa ta ba tare da ta haye teku ba, 'ya'yan manoma kuma suka sami aikin albashi.

SAMAR DA MA'AIKATA

Sardauna ya san injin da babu ɗan ƙasa mai iya sarrafa shi aro ne. Saboda haka taimakon da ya fi nema shi ne na koyarwa. Bayan rahoton hukumar Ashby na 1960, aka buɗe jami'ar Arewa a Zariya a watan Oktoba, 1962, aka sa mata sunansa, shi ne kuma ubanta na farko. Shugabanta na farko, Dokta Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Hukumar ba da taimako ta Amurka ta kawo malamai daga jami'ar jihar Kansas suka taimaka wajen kafa sashen aikin gona da na likitan dabbobi, waɗansu daga jami'ar Pittsburgh suka yi aiki a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo. Hukumar UNESCO ta taimaka wa babbar kwalejin horon malamai ta Zariya, jami'ar Ohio ta taimaka wa ta Kano. Samarin Amurka 'yan aikin sa kai suka bazu cikin makarantun sakandare tun daga 1961.

Manufarsa ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati ta shafi wannan fanni. Ƙa'idar ita ce in akwai ɗan Arewa shi za a ɗauka, in babu a ɗauki baƙo na ƙasar waje bisa kwantaragi, ɗan Kudu sai in ba yadda za a yi. Hujjar gwamnatinsa ita ce baƙo zai gama wa'adinsa ya tafi ya bar kujera ga ɗan Arewa. 'Yan Kudu sun ɗauki wannan a kan wariya a cikin ƙasarsu, kuma yana cikin abubuwan da suka ƙara tsamin dangantaka kafin 1966.

'YAN'UWA NA GABAS

Abin da ya bambanta Sardauna da sauran shugabannin zamaninsa shi ne yadda ya juya ga ƙasashe masu tasowa waɗanda suka riga Nijeriya samun 'yanci, suka kuma ɗan yi gaba wajen ilimi. Ba su da kuɗi irin na Turai, amma suna da likitoci da injiniyoyi da malamai waɗanda suka saba da zafi da talauci da al'adun Musulmi. Aka ɗauko ma'aikata daga Pakistan da Indiya da Misra. Aka tura ɗalibai makarantar horon malamai ta Bakhter Ruda a Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi, ɗan ƙasar Zamfara, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962.

Babban misalin wannan haɗin kai shi ne gyaran shari'a. Da mulkin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba suka nuna tsoron kotunan alƙalai, Turawa kuma suka matsa, har ana cewa masu jarin waje ba za su saki jiki ba sai an yi gyara. Maimakon ya karɓi tsarin Ingila kai tsaye, sai gwamnatinsa ta aika da wakilai Libiya da Pakistan da Sudan a 1958 su ga yadda ƙasashen Musulmi suka warware irin wannan matsala. Sa'an nan aka kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan. Daga shawararsu aka yi kundin dokokin laifuffuka na Arewa bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Waɗansu malamai ba su yarda da shi ba, kuma shekara arba'in bayan haka, a Gusau ɗin nan, gwamnatin Jihar Zamfara ta fara aiki da nata kundin shari'ar Musulunci a shekarar 2000.

Tun hajjinsa na farko a 1955 ya ƙulla zumunci da sarakunan Saudiyya. A 1961 ya zaga Pakistan da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, a 1962 kuma aka zaɓe shi mataimakin shugaban Rabiɗar Duniyar Musulmi da aka kafa a Makka. Gudummawar da ta zo daga Saudiyya da Kuwaiti ta tafi ne ga masallatai da makarantu da aikin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962. Jaridun Kudu sun zarge shi da yin siyasar waje ta kansa, yawon musuluntarwa da ya yi a shekarunsa na ƙarshe kuma ya tayar da hankalin Kiristocin Arewa.

RANCEN DA YA ƘI

A 1960 Gwamnatin Tarayya ta shirya karɓar rance daga Isra'ila. Jihar Yamma da ta Gabas sun riga sun yi nisa da hulɗa da ita wajen aikin gona da gine-gine da samar da ruwa. Gwamnatin Sardauna ta bayyana cewa ba ta bukatar ko kwabo daga ciki, duk da cewa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan jam'iyyarsa ne, kuma ya tsaya a kan cewa Nijeriya za ta yi abota da kowa. Har ya rasu bai sauya ba. Masu sukarsa suka ce ya hana talakan Arewa rijiyoyi da dabarun noman rani saboda rigimar da ba tasa ba ce. Magoya bayansa suka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko wanne aka bi, al'amarin ya nuna cewa a wurinsa taimako yana tafe da igiyarsa, kuma mai karɓa yana da ikon ya duba igiyar kafin ya miƙa hannu.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Da asubahin ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka wa gidansa a Kaduna suka kashe shi, tare da uwargidansa Hafsatu. Harabar gidan ce yau ake kira Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta jami'ar da take ɗauke da sunansa.

Ƙasar da ya taɓa dubawa ta ci gaba da zama fagen gwada taimakon waje. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Gusau da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 19, tare da irinsa a Funtuwa da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, amma masu bincike sun nuna cewa manyan manoma da 'yan kasuwa sun fi ƙananan manoma cin moriyarsa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya gina babbar madatsa wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka, da manoma suka tashi neman diyya sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu, 1980, aka kashe mutane da dama. Masaƙar Zamfara ita ma ta rufe a shekarun 2000, kamar 'yan'uwanta na Kaduna, saboda rashin wutar lantarki da kwararowar tufafin waje da faɗuwar noman auduga.

Nijeriya kanta ta sauya matsayi. Ta kafa asusun taimakon ƙasashen Afirka a Bankin Raya Afirka a 1976, ta fara aika da ƙwararrunta aikin taimako zuwa ƙasashen Afirka da na Karebiyan da Fasifik a 1987, watau irin abin da Sudan da Pakistan suka yi wa Arewa. Amma bashi ya yi mata katutu har sai da ƙungiyar masu ba da rance ta Faris ta yafe mata dala biliyan 18 a 2005. Bankin Duniya yana lissafa ta cikin ƙasashe masu matsakaicin arziki na ƙasa-ƙasa, alhali Zamfara, wadda ta zama jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, tana cikin jihohin da talauci ya fi yi wa nauyi.

Sardauna yana da kurakuransa, kuma abokan hamayyarsa na NEPU sun sha wuya a hannun En'e-En'en da ya dogara da su. Amma a sha'anin taimakon waje ya bar ƙa'idodi uku waɗanda ma'aikacin gwamnati da ɗalibi za su iya auna kowace yarjejeniya da su: a sa jarin gida a cikin aikin, a horar da ɗan ƙasa wanda zai riƙe shi bayan baƙo ya tafi, a kuma san sharaɗin kafin a sa hannu. Abin da ya daɗe daga cikin ayyukansa shi ne wanda aka zuba a kan mutane, domin injunan masaƙu sun yi tsatsa, amma jami'ar Zariya tana nan tana yaye ɗalibai. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

Allah ya jiƙan Gamji, ya gafarta masa kurakuransa, amin.